Jirgin Sama Mai Araha Da Ƙofar Jibiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magamar Jibiya ran Lahadi, ranar da kasuwar garin ke ci, ya san ƙasar nan ba ta rasa matafiya ba. Motoci ne manya da ƙanana, waɗansu daga Katsina, waɗansu daga Kano, waɗansu kuwa sun ɓullo ta Ɗan Isa daga Maraɗi, kowace an danƙare ta da mutane da kaya, suna jiran ma'aikatan kwastan da na shige da fice su sallame su. Daga Birnin Katsina zuwa Jibiya tafiyar kamar kilomita 45 ce, daga nan zuwa Maraɗi ma ba ta ɗara haka da yawa ba. Mutanen ketaren nan da na ketaren can harshensu ɗaya, aurensu ɗaya, har yau kuwa sarkin da ke Maraɗi Sarkin Katsina ake ce da shi, domin zuriyar sarakunan Haɓe ne waɗanda suka bar birnin bayan jihadi, suka kafa sabon gari a farkon ƙarni na 19.

To, ga filin jirgin sama a Katsina, wanda aka sa wa sunan Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kuma wani a Maraɗi. A Turai da Asiya akwai kamfanonin jiragen sama waɗanda kuɗin shigarsu wani lokaci bai kai na jirgin ƙasa ba, amma suna samun riba mai yawa, kowace shekara suna daɗa buɗe sababbin hanyoyi. Shi ya sa jama'a ke tambaya, me ya hana irin wannan jirgi isowa wajenmu? Ba wanda zai hau jirgin sama daga Katsina zuwa Maraɗi, gama kafin ya gama layin awon kaya mai mota ya isa. Amma ɗan kasuwar Maraɗi mai son zuwa Ikko, watau Legas, ko Bakatsine mai sha'ani a Abuja, su kam suna da bukata, kuma sun daɗe suna jira. Bari mu duba inda ribar irin wannan jirgi take fitowa, sa'an nan mu ga abin da ya tsare shi.

Kujerar Da Ta Tashi Ba Kowa

Direban tasha yana da wata dama wadda mai jirgin sama ba shi da ita. In mota ba ta cika ba sai ya zauna, ɗan kamasho ya yi ta kiran fasinja har lodi ya cika, ko da za a kai azahar. Jirgin sama kuwa an riga an yanka masa lokaci. Ƙarfe tara in ta yi sai ya tashi, kujerar da ta tashi ba kowa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe. Man da jirgin zai sha, da albashin matuƙa, da kuɗin sauka, da kuɗin haya, kusan duk ɗaya ne ko mutum talatin ke ciki ko saba'in. A ce, don misali, jirgi mai kujera 70 sai ya sayar da 55 kafin ya fid da kuɗin tafiyar. Ashe ke nan duk ribarsa tana cikin kujeru goma sha biyar na ƙarshe. Masu karatu su riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

Kamfanin da ya fara gane wannan sosai shi ne Southwest na Amurka. Ya fara tashi ran 18 ga Yuni, 1971, da jirage uku ƙirar Boeing 737, tsakanin garuruwa uku kaɗai na Jihar Texas, watau Dallas da Houston da San Antonio. A 1972 kuɗi suka yanke masa, ya zama dole ya sayar da jirgi ɗaya cikin huɗun da yake da su a lokacin. Maimakon ya rage tafiye-tafiye, sai ya ce ukun da suka rage su yi aikin huɗu. Jirgi ya sauka, a sauke mutane, a share, a zuba waɗansu, ya tashi, duka cikin minti goma. Daga 1973 har 2019, shekara 47 a jere, kamfanin nan bai taɓa rufe shekara da hasara ba, sai da annobar korona ta zo.

Dabarar ba wata asiri ba ce. Jirgi iri ɗaya ake saye, don makaniki ɗaya da kayan gyara iri ɗaya su ishi kowa. Ana cusa kujeru gwargwadon abin da doka ta yarda. Ba a barin jirgi ya yi zaman banza a ƙasa, domin ko yana tsaye kuɗin hayarsa na tafiya. Ryanair na ƙasar Ailan ya ɗauki wannan ya ƙara masa gishiri: tikiti da araha ƙwarai, amma jaka sai ka biya, zaɓen kujera sai ka biya, ruwan sha ma sai ka biya. A shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Maris 2025 ya ɗauki fasinja miliyan 200, kujeru 94 cikin kowane ɗari sun tashi da mutum, kusan sulusin kuɗin da ya shigo masa kuwa daga waɗannan ƙananan biye-biye ne. Ribarsa ta kama Yuro biliyan 1.6. In ka raba, Yuro takwas ke nan kan kowane mutum, abin da bai wuce kuɗin abincin rana a can ba. Da yawa ake cin ribar, kamar mai sayar da gishiri.

Abin lura kuma shi ne, hanya tana bin riba ne a baya. Irin waɗannan kamfanoni sukan gwada gari, in jirgi ya cika su ƙara tashi, in bai cika ba, ko hukumar wurin ta ƙara haraji, su kwashe jiragensu su kai wani gari ba ko sallama. Abin da ya ba su wannan dama shi ne doka. Amurka ta sakar wa kamfanoninta mara a 1978, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suka gama mai da sararin samaniyarsu kasuwa ɗaya a 1997, har ya zama jirgin Ailan yana iya jigila tsakanin garuruwan Italiya ba tare da neman iznin kowa ba.

Da Aka Kawo Shi Afirka

An gwada. A Nuwamba 2012 Fastjet ya fara tashi daga Darussalam ta Tanzaniya da manyan jirage ƙirar Airbus A319, yana tallan tikiti daga dala 20. Mutane suka yi murna, waɗanda ba su taɓa shiga jirgi ba suka shiga. Amma jiragen sun yi wa kasuwar girma, izinin shiga ƙasashen maƙwabta ya yi ta jan ƙafa, hasara ta yi ta hauhawa, zuwa ƙarshen 2018 ya daina tashi a Tanzaniya. Jambojet na Kenya, wanda ya fara a Afrilu 2014, ya bi a hankali. Ya ajiye manyan jirage ya koma masu farfela, waɗanda ba su shan mai da yawa, ya kuwa shekara kusan huɗu yana jigila cikin gida tsakanin Nairobi da su Mombasa da Kisumu da Eldoret kafin ya ƙetare iyaka zuwa Entebbe a 2018.

A Nijeriya wanda ya fito fili ya ce shi jirgin araha ne shi ne Green Africa, wanda Babawande Afolabi ya kafa a Legas. Labarinsa ya isa darasi. A Disamba 2018 aka ba da sanarwar zai sayi jirage har ɗari daga Boeing. A Fabrairu 2020 aka sake sanarwar hamsin daga Airbus. Da ranar tashi ta zo, a Agusta 2021, da 'yan jirage masu farfela ƙirar ATR 72 ya fara, kowane kujera 70, na haya. Garuruwan da ya fara da su su ne Legas da Abuja da Fatakwal da Owerri da Inugu da Akure da Ilori. Ba Kano, ba Katsina, ba Sakkwato. Ba ƙiyayya ba ce, lissafi ne: inda ya tabbata kujerun ƙarshen nan za su sayu, nan ya dosa. A farkon 2025 ma sai da ya dakatar da tashi na ɗan lokaci saboda saɓani da masu ba shi hayar jirage, kana ya sayi jirginsa na kansa na farko.

Me ya sa abin ke da wuya haka? Mai jirgi a ƙasar nan da Naira yake sayar da tikiti, amma hayar jirgi, da inshora, da kayan gyara, da babban gyaran da galibi a ƙasashen waje ake yi, da horon matuƙa, duk da dala ake biya. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Man jirgi kuwa, a Mayu 2022 ƙungiyar masu jiragen sama ta Nijeriya ta yi kurarin tsai da aiki gaba ɗaya, ta ce lita ta tashi daga Naira 190 zuwa 700. Wanda ya je banki neman rance a ƙarshen 2024 ya tarar Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari. Ga kashi biyar cikin ɗari na kowane tikiti da hukumar kula da sufurin sama ke karɓa, ban da kuɗin fili da na kula da sararin samaniya. Har wa yau filaye da yawa ba a sauka a cikinsu in rana ta faɗi, ga kuma hazo, wanda daga Disamba zuwa Fabrairu yakan hana jirgi sauka a Arewa yini guda cur. Jirgin da ya kamata ya yi sa'a goma sha ɗaya a sama sai ya yi shida. Ina araha za ta fito?

Sakamakon ke nan da kowa ya gani. A Yuli 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, a shekarar nan kuwa tikitin tafiyar sa'a guda ya sha wuce Naira 100,000. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙiyasta ribar kamfanonin Afirka kan kowane fasinja kamar dala ɗaya ce, alhali matsakaicin ta duniya wajen dala bakwai. An ɗan sami sauƙi ta fuska ɗaya. A 2024, zamanin Minista Festus Keyamo, an gyara ƙa'idar kotu game da jiragen haya, yadda mai jirgi zai iya karɓar abinsa in an kasa biya, aka kuwa cire Nijeriya daga jerin ƙasashen da masu ba da haya ke ɗari-ɗari da su. Wannan gyara ne na gaske, amma bai taɓa farashin dala ba.

Hanyar Da Ba Ta Taɓa Rasa Fasinja Ba

Akwai hanya ɗaya a ƙasar Hausa wadda jirgi ke cika maƙil tun kakanni, ita ce hanyar Makka. Da can da ƙafa da jaki ake bin ta, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, mutum ya shekara biyar ko goma, waɗansu ma su zauna a Sudan ke nan. Jiragen sama na farko sun sauka Kano a Nuwamba 1925, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu attajiran Kano, su Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda har yau wata unguwa a Fagge ke amsa sunanta. Da motoci aka fara, daga baya aka koma shatar jirage.

Tun daga nan duk kamfanin jirgin sama na Arewa da ya yi tsawon rai, in ka tona, za ka iske aikin Hajji a ƙarƙashinsa. Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda aka kafa a 1980, ya shekara ashirin yana jigilar cikin gida, amma a 2001 ya bar ta ya koma ga alhazai da shata. Chanchangi na Kaduna, wanda mutane ke tunawa da sauƙin kuɗinsa, ka zo fili ka sayi tikiti nan take ka shiga kamar motar haya, shi a cikin gida ya dogara, wajen 2012 kuwa ya durƙushe. Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal, mutumin Katsina, ya bi hanyar daga ɗaya ƙarshen. Ya fara a 2008 da manyan jirage ƙirar Boeing 747 don alhazai, sai da ya shekara goma yana wannan kafin ya shiga jigilar cikin gida a 2018 da ƙananan 737, har Katsina ta sami jirgin Abuja daga kamfanin ɗan gida.

Dalilin a bayyane yake. A aikin Hajji an san yawan fasinja tun kafin jirgi ya taso, Nijeriya kujera 95,000 Saudiyya ta ba ta a 2023 da 2024. An riga an biya kuɗi ta hannun Hukumar Alhazai ta Ƙasa, an kuma yanka farashin da dala. Ba kujerar da ke tashi ba kowa. Sai dai kada a ɗauka araha ce. Jirgin da ya kai alhazai Madina fanko yake dawowa, in an zo kwaso su kuma fanko yake tafiya, alhaji ne ke biyan duka. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 aka rufe samaniyarta, jirage suka koma zagaye, nan da nan aka ƙara dala 250 kan kowace kujera. Kuɗin Hajji gaba ɗaya, wanda bai cika Naira miliyan uku ba a 2023, ya wuce miliyan takwas a 2025.

A nan ne alhazanmu suka san Flynas, wanda shi kam jirgin araha ne na ainihi a ƙasarsu. An kafa shi a Saudiyya a 2007, kuma yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu ta ba kamfanin Saudiyya kaso mai tsoka na alhazan Nijeriya, shi ya sa ake ganinsa kowace shekara tare da su Max Air da Air Peace. A 2024 ya ɗauki fasinja miliyan 14.7, ya ci ribar Riyal miliyan 434, kamar Riyal talatin ke nan kan kowane mutum. A Yuni 2025 ya sayar da hannun jari a kasuwar Riyad, aka tara Riyal biliyan 4.1. Shi yana da abin da namu ba su da shi: Riyal a ɗaure take da dala, ga mai a gida, ga masu Umra duk shekara, gwamnatinsu kuma ta ɗaura niyyar kai su miliyan talatin a shekara kafin 2030. A ganina abin takaici ne kaɗan, jirgin araha ya san hanyar ƙasarmu sarai, amma kwangila ke kawo shi, ba tikitin talaka ba.

Kujeru Goma Sha Biyar Na Ƙarshe

Yanzu mu komo kan lissafinmu na farko. Jirgin da ke tashi daga Katsina zuwa Abuja ko Legas yana da fasinjansa na kullum: ma'aikatan gwamnati, da 'yan majalisa, da manyan 'yan kasuwa, da waɗanda tsoron hanya ya kora sama, musamman tun harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris, 2022. Waɗannan za su biya ko nawa ne, amma ba su da yawan da za su cika jirgi safe da yamma. Kamfanin da ke son ya rage kuɗi dole ya nemo waɗansu. Ina suke?

Da yawansu suna bayan Jibiya. Maraɗi ita ce cibiyar ciniki ta Jamhuriyar Nijar, jiharta na cikin biyu mafi yawan jama'a a ƙasar, ta wuce mutum miliyan uku tun ƙidayar 2012. Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiyar fiye da kilomita 600 ce, zuwa filin jirgin Katsina kuwa ba ta kai ɗari ba. Alhajin Maraɗi mai kaya a tashar ruwan Legas, da mai zuwa asibiti, da ɗalibi, da mai neman biza a Abuja, duk Katsina ce ƙofarsu mafi kusa. Su ne za su cika kujerun nan na ƙarshe inda ribar take. Watau ribar jirgin Katsina, rabinta a hannun mai riƙe da makullin Magama take.

To, dubi yadda makullin ya kasance. A Agusta 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba ta hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe Illela da Maigatari da Seme da Mfum a Disamba 2020, ba a haɗa da Jibiya ba, ita sai Afrilu 2022. A tsakanin nan, a 2021, ta'adin 'yan bindiga ya sa Gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma yanke layin waya a yankin. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufe iyaka, wannan karon har da ta sama, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Cikin wata 55 ke nan, daga Agusta 2019 zuwa Maris 2024, ƙofar Jibiya ba ta yi wata 16 cikakku a buɗe ba. Mai hayar jirgi kuwa yarjejeniyar shekaru yake sa wa hannu, sabuwar hanya kuma takan ɗauki lokaci kafin mutane su saba da ita. Wane mai hankali zai ɗora lissafinsa kan fasinjan da ba a san ko za a bar shi ya ƙetaro ba?

A takarda an yi alkawura. Akwai shawarar Yamusukuro ta 1999, akwai kasuwar sama ɗaya ta Afirka da aka ƙaddamar a Addis Ababa a Janairu 2018. A Disamba 2024 shugabannin ECOWAS suka amince a soke waɗansu harajin tikiti, a rage kuɗin fasinja da na tsaro da rubu'i, daga 1 ga Janairu, 2026. Sai dai Nijar ta fice daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu, 2025, tare da Mali da Burkina Faso, saboda haka duk abin da za a yi tsakanin Abuja da Yamai sai an zauna an yi shi ƙasa da ƙasa.

Akwai kuma dogo. Ran 9 ga Fabrairu, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wadda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. An zana ta ta bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya. A kan gajeriyar tafiya ba jirgin saman da zai yi gasa da ita, ko kusa. Amma mai jirgin saman da ke da wayo ba zai ɗauke ta kishiya ba, domin ita ce za ta ɗebo masa mutumin Maraɗi da na Madarumfa da na Daura ta sauke su kusa da filin Katsina ko na Kano da safe, su kama jirgi mai kujera 70 su yi azahar a Legas. Wannan ma sai in an shirya ma'aikatan kwastan da na shige da fice na ƙasashen biyu su riƙa duba takardu wuri ɗaya a tashar Jibiya, kuma an daidaita lokacin isowar jirgin ƙasa da na tashin jirgin sama.